Rabin Aski

Wasu daga cikinku sun ishe ni da tambaya, wai me ya sa sunan saurayina a wayata "Kwastoman Baba" ne, ba wani suna mai daɗin ji irin na 'yan mata ba. To ku gyara zama, yau zan warware muku zare da abawa. In kun gama karantawa kuka ce na yi wauta a wani wurin, ba zan yi musu ba.

Babana mai aski ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin layinmu: kujera ɗaya mai juyawa da fatarta ta tsage aka liƙe da salatef, madubi mai tabo a kusurwar hagu, da rediyon da ba ya magana sai an buge shi. A bayan ƙofa akwai wani guntun katako da ya yi santsi don tsufa. In an kawo ƙaramin yaro, Baba kan gitta katakon a kan hannuwan kujera ya ɗora shi, don kansa ya kai tsayin madubi. A kan katakon nan aka fara yi wa saurayina aski, mahaifinsa na riƙe da shi yana tsala ihu. Mahaifin ya rasu tun yana firamare, shi kuwa bai taɓa canza shago ba. Yau ma'aikacin banki ne mai kwat da takalmi sau ciki, amma a bakin Baba har gobe sunansa Ɗan Katako.

A madubin nan muka fara haɗa ido. Na kai wa Baba abincin rana, shi yana kan kujera an naɗe shi da farin ƙyalle har wuya. Ya bi ni da kallo ta cikin madubi har na ajiye kwano. Baba ya sa yatsu biyu ya danna masa ƙeya.

"Sunkuya, Ɗan Katako. Kanka ka kawo, ba idonka ba."

Saura kaɗan in yi tuntuɓe da dokin ƙofa don kunya. Ranar da ya samu lambata ya kira, na rasa sunan da zan ajiye masa, sai na rubuta Kwastoman Baba. Shi kuma ya laƙaba min 'Yar Mai Shago. Magana ta yi nisa, har an fara zancen manyansa su zo, sai Baba ya faɗi.

Da safe ne, yana goge kayan aikinsa. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ji ƙarar faɗuwar abu, ya leƙo, ya tarar da Baba a jingine da kujera, bakinsa ya karkace, yana son magana ta ƙi fita. Allah ya saka wa telan nan, bai tsaya shafa ruwa ko neman shawara ba, ya tare mota ya kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma ɓarin dama ne. Hannun askin ke nan.

Da aka sallamo mu, Baba ya dawo gida yana jan ƙafa, harshensa ya yi nauyi, hannun damansa a naɗe kan cinya kamar ba nasa ba. Duk mako muna kai shi wurin likitar motsa jiki, wata 'yar gajeriyar mata mai farin gilashi da ba ta san wasa ba. Ita ta ɗora shi a kan sanda har ƙafar ta fara jin magana. Ta kama yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ta ce ya motsa, babban yatsa da manuni suka ɗan yi rawa.

"Kun gani? Hannun nan da ransa," in ji ta. "Amma hannu irin wannan, in aka bar shi ya zauna, sandarewa zai yi. Abin da zai iya yi wa kansa kada ku yi masa, ko da zai wuni yana yi. Ya ɓalle maɓallinsa, ya riƙe cokalinsa, ya buɗe murfin kwalba. In ya zubar, a goge."

Ta ba mu wata 'yar jar ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa. Muka gyaɗa kai kamar ƙadangaru, muka dawo gida muka yi akasin duk abin da ta ce.

Kada ku ga laifinmu da yawa. Mutumin da ya ciyar da kai da hannun nan, ka zauna kana kallonsa yana kokawa da cokali, shinkafa na zuba a ƙirjinsa? Ni dai ban iya ba. Da na ga hannun ya fara rawa sai in karɓe cokalin in ce, "Kawo, Baba, kada ya huce." Umma ke sa masa riga ta ɓalle maɓallai har wuya. Sannan ga Gwaggo, yayar Baba, wadda ta iso da jakarta da buhun magungunan ƙafarta ta kafa sansani a falonmu.

"Ina raye ƙanena zai riƙa wasa da ƙwallo kamar ɗan yaye?" in ji ta. "Likitar nan ba ta da uba ne? Ku bar bawan Allah ya huta, ya yi wa duniya aiki ya isa."

Ƙwallon ta gangara ƙarƙashin gado, babu wanda ya sunkuya ya ɗauko. Baba ya samu wani ƙaramin tawul mai ruwan ƙasa ya riƙa rufe hannun da shi, musamman in an yi baƙi. Duk zuwan da za mu yi, likitar sai ta lanƙwasa yatsun ta kalle ni ta saman gilashi, ni kuma in kalli silin.

Yanzu bari in dawo kan mutuminku. Lokacin da muke asibiti, kullum in ya tashi daga aiki sai ya zo, ya zauna a bakin gado, ya gyara wa Baba filo. Wata rana na ga ya sunkuya ya raɗa masa wata magana a kunne. Ban ji me ya ce ba, ban kuma tambaya ba, na ɗauka addu'a ce.

Amma tun da muka dawo gida abu ya canza. Da Baba ya ji sallamarsa daga ƙofa sai ya juya fuska bango.

"Baba, Ɗan Katako ne ya zo gaishe ka."

"A'a."

Kalmar da ta fi fita sarai a bakinsa ke nan. Kowa ya zo yana shiga, tela ya shiga, mai kantin kusa da mu ya shiga, har mutanen da Baba ba ya shiri da su suna shiga su zauna. Shi kaɗai ne ake tsayarwa a tsakar gida. Ya ajiye ledar lemo da ayaba, ya gaida Umma a durƙushe, ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba," ya juya.

Ga kuma wani abu da ya fara ba ni haushi. Mutumin da na sani da kai tas, gefe da gefe a gyare kamar an ja layi da rula, sai ya fara tara suma. Da fari na ce hidimar asibiti ce ta hana shi. Wata ya wuce, wani ya bi, sumar ta cika ta tashi, ta rufe saman kunnuwansa. Yana taje ta, yana shafa mata mai, amma suma ce dai, a kan kwat kuma ba ta yi kyau ko kaɗan. In na yi magana sai ya yi murmushi ya ce, "Za a yi, 'Yar Mai Shago." Ni kuma in cika in yi fam.

Gwaggo ba ta ɓata lokaci ba ta raɗa masa Mai Suma. Wata ranar Asabar da hantsi ina guga a tsakar gida, sanye da tsohuwar doguwar rigata mai ruwan toka, ta kira ni.

"Auta, ajiye dutsen gugar nan ki zo."

Na zo na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Umma na bakin kicin tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ban haife ki ba amma na goya ki, don haka zan faɗa miki gaskiya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ubanki harshensa ne ya yi nauyi, hankalinsa garau yake. Yaro ya yi sallama ya juya masa ƙeya, me kuma kike jira a faɗa miki?"

"Gwaggo, Baba fa shi ya..."

"Da can ke nan. Ciwo yana buɗe wa mutum ido. Ya hango abin da ke ba ki hango ba. Ke dubi kan yaron nan, kamar sheƙar tsuntsu. Namijin da ya kasa kula da kansa, ke zai kula da ke? Wa ya sani ma ko korarsa aka yi daga bankin yake ɓoyewa."

Na juya wurin Umma ina neman ceto. Ta watsar da wata tsakuwa ta ce a hankali, "Ni dai ba zan so a yi abin da zai tayar wa Malam da jini ba, Auta. In ganinsa na ɓata masa rai, ya ɗan ja baya tukuna."

Wannan ta Umma ta fi ta Gwaggo yi min ciwo. Na shiga ɗaki na faɗa kan katifa, na jawo waya na rubuta masa:

"Don Allah ka je ka yi aski yau. In ba za ka yi ba, ka daina zuwa gidanmu."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Ba zan iya ba, 'Yar Mai Shago."

"Shagunan aski sun ƙare a garin ne?"

"Manajanmu ma ya yi min wannan tambayar jiya."

"Ni ba wasa nake ba. Ana cewa Baba ba ya son ka. Kai kuma kana ƙara ba su abin faɗa."

Sai can ya turo: "Ina nan zuwa da yamma. Ko a bakin layi ne ki ba ni minti biyar."

Na kife wayar na yi kukana mai isata, na tashi na wanke fuska na koma kan guga. Ina son shi, wannan ban taɓa shakka ba. Amma in aka ce in zaɓa tsakaninsa da lafiyar Baba, kun san inda zan faɗa.

Bayan la'asar Baba ya buga sandarsa a ƙasa, alamar yana kira. Na same shi zaune a bakin gado, tawul a kan hannu. Ya nuna saman kwaba da haɓa. Jakar kayan askinsa ce a wurin, baƙar jakar fata mai zif ɗin da ya sha gyara, wadda tela ya kwaso mana daga shago tun ranar da abin ya faru.

"Sauko... da ita."

Zuciyata ta yi tsalle, na ce ko kewar kayan yake. Na sauko da ita na kaɗe ƙura, zan buɗe ya girgiza kai.

"Kai wa... yaron... tsallaken titi."

Wani mai aski yake nufi, wanda ya buɗe shago bara.

"Aro zai yi, Baba?"

"Kyauta." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Na gama."

Umma na tsaye a bakin ƙofa. Ta juya da sauri ta koma kicin, na ji ta buɗe famfo da ƙarfi ba tare da tana wanke komai ba. Gwaggo daga falo ta ce, "Hakan ya fi. Ganinsu ma ƙara masa damuwa yake."

Na yafa mayafina baƙi a kan doguwar rigar, ko hoda ban shafa ba, na rungumi jakar na fita. Ba ta da wani nauyi, amma da ƙyar nake ɗaga ƙafa. Na san in jakar nan ta tsallaka titi, hannun Baba ya tafi ke nan, ko likitoci goma za a tara.

A bakin layi, daidai ƙofar shagonmu da ke kulle, na gan shi tsaye. Farar riga ce a jikinsa ya naɗe hannuwanta, sumar nan tana nan daram. Ya fara murmushi, sai idonsa ya sauka kan jakar, murmushin ya ɗauke.

"Ina za ki da wannan?"

"Baba ya ce in kai wa na tsallake. Ya ce ya gama."

Ya shafa kansa, yatsunsa suka nutse a ciki.

"Kin tuna ranar da na yi masa raɗa a asibiti?"

"Na tuna."

"Ce masa na yi, Baba, babu wanda ya taɓa taɓa kan nan sai kai, kuma babu wanda zai taɓa shi. Zan jira ka." Ya kalli ƙofar shagon. "Na ɗauka ƙarfin gwiwa nake ba shi. Ban san abin zai ja haka ba. Da na ga ya fara juya min baya sai na gane. Ba ni yake gudu ba, 'Yar Mai Shago, kan nan yake gudu. Duk zuwan da zan yi, sumar ta ƙaru, shi kuma hannun yana inda yake."

"To me ya hana ka aske, ka huta ka hutar da shi?"

"In na shigo masa da askin wani a kaina, me na ce masa ke nan?"

Ni da nake kwana gida ɗaya da Baba, nake ba shi abinci a baki, ban fahimci abin da wannan bawan Allah ya fahimta daga tsakar gida ba. Kunya ta kama ni, tausayinsu su biyun ya rufe ni, na tuna saƙon da na tura masa da safe na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Tsakanina da shi ne. Kuma na san ki, da kin sani da kin je kin yi masa kuka." Ya miƙo hannu. "Kawo jakar. Mabuɗin shagon yana wurinki?"

Yana cikin aljihun jakar. Ya buɗe shagon, warin hoda da ƙura ya bugo mu, ya zura hannu bayan ƙofa ya ɗauko katakon nan ya saƙale a hammata. Ya kulle, ya nufi gidanmu, ina biye da shi ina salati a zuci.

Gwaggo ce ta fara ganinmu. "Ikon Allah. Auta, aiken da aka yi miki ke nan?"

Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. "Gwaggo, a yi min afuwa. Aski na zo."

Bai jira amsa ba ya yi sallama a ƙofar ɗakin Baba. Muka ji "A'a" ɗin nan da muka saba. A karon farko bai juya ba. Ya cire takalmi ya shiga, ya ajiye katakon a ƙasa gaban gado, daidai tsakanin ƙafafun Baba, ya zauna a kai ya ba shi baya. Ƙato da shi, ya naɗe ƙafafu kamar yaro.

Baba na kallon bango.

"Baba, manaja ya ce in ban yi aski ba kada in zo ranar Litinin," in ji shi, yana kallon ƙofa. "Ni kuma ban san wani shago ba."

"Je ka... tsallake."

"Ba su san kaina ba. Akwai tabon nan na ƙeya da kake kauce masa."

"Hannu... babu."

"Ni ba sauri nake ba."

Gwaggo ta taso har bakin ƙofa tana gyara ɗaurin zani. "Kai yaro, wane irin rashin ta ido ne wannan? Mutum na fama da kansa..."

"Yaya." Umma ce ta katse ta, a hankali, abin da ban taɓa ji ta yi ba. "Bari mu gani."

Sannu a hankali Baba ya juyo. Idonsa ya sauka kan katakon, ya hau kan sumar. Ya daɗe yana kallonta. Sai na ga hannun hagunsa ya tashi ya dafa kan, ya juya shi dama, ya juya shi hagu, kamar yadda yake yi wa kowa kafin ya fara. Ya ja tsaki.

"Daji," ya ce.

Dariya ta kuɓuce min tare da hawaye. Na durƙusa na zuge jakar, na fito da farin ƙyallen na ɗaura wa Ɗan Katako a wuya, na jona ƙaramin injin askin a soket ɗin gefen gado. Na miƙa wa Baba ta hagu, don nan ne mai lafiya. Mutuminku ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Da dama aka saba yi min."

Na kalli tawul ɗin. Baba ma ya kalle shi. Shi da kansa ya sa hannun hagu ya janye shi ya ajiye a gefe. Na buɗe yatsun a hankali kamar yadda likita ta koya min, na sa injin a ciki, na kunna. Ƙarar na tashi, injin ya zame ya faɗi a cinyarsa. Na sake sa masa, ya sake zamewa, wannan karon har ƙasa. Fuskar Baba ta haɗe, numfashinsa ya fara sauri, na ga yana laluben tawul.

Umma ta shigo. Ta kwance siririn ƙyallen da ta ɗaure gashinta da shi a ƙarƙashin ɗankwali, ta durƙusa gabansa, ta naɗe injin da tafin hannun ta ɗaure, ba tamau ba.

"Malam, ka aske yaron mutane ya tafi, kada a kore shi daga aiki."

Na tallafi gwiwar hannunsa da tafina. Muka ɗaga tare. Injin ya shiga sumar daga gefen kunnen dama, ya yi gaba yana rawa, ya karkace ya hau sama inda ba a aike shi ba. Curin gashi ya faɗo kan farin ƙyalle. Hanya ce ta fito a kan, a karkace kamar ta ɗan maye, amma hanya ce.

Muka sake. Muka kuma sakewa. Gumi ya tsattsafo a goshin Baba. Ina jin nauyin hannun a tafina, sai na ji yana raguwa kaɗan kaɗan, har na ji tsokar tana motsi da kanta.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Sake ni."

Wallahi sakin gwiwar nan ya fi min komai wuya tun da aka fara ciwon. Na janye tafina na ɓoye shi a bayana don kada ya koma da kansa. Hannun ya yi ƙasa, ya tsaya, ya yi rawa, ya sake hawa. Baba ya sa yatsu biyu na hagu ya danna ƙeyar.

"Sunkuya... Ɗan Katako."

Kafaɗun mutuminku suka fara girgiza. Ban san ko dariya yake ko kuka ba, kuma har yau bai faɗa min ba.

Can sai ga Gwaggo ta shigo da madubin bangon falo rungume a ƙirji. Ta tsaya gabansu tana hararar kowa.

"Ana aski ba madubi ne? Ku matsa min. Kai kuma ɗago kanka ka ga ɓarnar da ka jawo wa kanka."

Idonta ya yi ja, amma ko a gaban alƙali za ta ce ƙura ce.

Baba bai kai ga gamawa ba. Da ya share ɓarin dama zuwa tsakiya, hannun ya sauka kan cinya ya ƙi tashi. Na kashe injin, Umma ta kwance ƙyallen tana murza masa yatsu. Kan Ɗan Katako kuwa, gefe guda fili mai kwari da tudu, gefe guda daji na nan yadda yake. Ya juya shi a madubi dama da hagu kamar wanda aka yi wa askin ango.

"Kawo in ƙarasa maka da almakashi," in ji Gwaggo. "Haka za ka ratsa titi?"

"A'a, Gwaggo, na gode. Mai aikin bai ce ya gama ba."

Baba ya jingina da filo yana haki. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

"Gobe," ya ce.

Na raka shi bakin ƙofa. Na ce ya tsaya in ɗauko masa hular Baba, ya ce ba ya so. Haka ya bi layinmu da rabin kai, yana gaisawa da mutane, tela ya leƙo daga shago ya bi shi da kallo baki buɗe. Ban kai ga komawa ciki ba wayata ta yi ƙara.

"Har yanzu an hana ni zuwa gidanku?"

Na rubuta: "Ka yi haƙuri." Na goge. Na rubuta: "Ka yi kyau." Na tura.

Na kira likitar motsa jiki na ba ta labari a tsaye a tsakar gida. Ta ce kada a matsa masa, in hannun ya gaji a bar shi ya huta, kuma ranar zuwanmu mu taho da injin. "Ke kuma," ta ce, "ki daina ba shi abinci a baki. Kin ɗauka ban sani ba?"

Da na koma ɗakin, Umma ta share gashin ta tafi haɗa shayi, Gwaggo ta mayar da madubi tana mita ita kaɗai. Katakon na jingine a gefen gado. Baba ya yafito ni, na durƙusa.

"Ce masa... manyansa... su zo."

Na sunkuyar da kai, kunnuwana suka yi zafi.

"Amma," ya ɗaga manunin hagu, "sai na... gama. Ba na ba da 'yata... ga mai rabin aski."

"To Baba, yaushe za ka gama?"

Ya kalli hannun damansa da ke kwance a cinya, yatsun sun ɗan kumbura, babu tawul a kansu. Ni ma shi nake kallo, don yanzu aurena a cikinsa yake, ga shi gashi ba ya jiran kowa, kafin a gama hagu dama ta sake tsirowa. Baba ya ɗauki sandarsa ya ƙwanƙwasa ƙafar gadon.

"Leƙa... ƙasa," ya ce. "Ɗauko min... ƙwallon nan."